Kira Daga Bayan Katanga

A Kpakungu, in ka tambayi inda Sanda yake, sai a yi ta kallon-kallo, kowa ya ce bai san shi ba. Amma ka ce Baba Mai Kujera, har mai tallan ruwan leda za ta nuna maka shi: dattijo ne siriri, baƙi, mai dogayen yatsu, zaune a gindin wata katangar bulo yana saƙa wa tsofaffin kujerun ƙarfe sabuwar igiyar roba. Ya haura sittin. Ba shi da abokin faɗa, ba ya shiga sabgar da ba tasa ba. In ruwan sama ya cika kwata ya malale layin, kowa na tattare wando yana lalube da ƙafa, shi kuwa sai ya dubi ruwan sau ɗaya ya taka daidai inda babu zurfi. Daga nan za ka gane ba a bakin kwalta aka haife shi ba.

A Tungan Ƙwarya aka yanke masa cibiya, wani ƙauyen masunta a bakin Kogin Kaduna, can gaba da Zungeru. Iyayensa Sarkawa ne, irin waɗanda kakanninsu suka biyo kifi daga yamma har suka yada zango cikin Nufawa da Gwarawa. Shi ne auta. Da ɗan fari ne, da mahaifiyarsa Nana Khadija ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya, amma auta ba ya samun wannan alfarma. Sunansa a bakinta yake kwana, a bakinta yake tashi, don yaro ne mai ƙiriniya, wanda da an ɗauke ido ya tsunduma ruwa ya haye gungu.

Gungun Giginya ke nan, tsibirin da ke tsakiyar kogi daidai ƙauyen. Can maza ke shanya koma, can yara ke ɓuya in sun ji ƙanshin aike. Can ne kuma tsuntsayen suke. Aku ne, amma ba mai toka-tokan nan da jan bindi da ake kawowa daga kudu ba, ba kuma tsirya ba ce. A faɗar Sanda, bai kai tattabara girma ba, jikinsa kore shar, kansa fari kamar an tsoma shi a gari, ga wani baƙin zobe a wuya. A kogon giginya suke ƙwai. Ba sa ƙetaro ruwa su shigo gari, ba a kuma taɓa ganinsu a wani gungun ba. Mutanen tunga ba sa jifansu, ba sa kama su, balle a sa su a keji. An ce na masu ruwa ne, kuma mai ci daga kogi ba ya wasa da kayan masu ruwa.

Bakinsu ne abin shakka. Duk abin da aka ƙwala daga gaɓa sai su cafe su riƙe, ba sa mantawa. Nana Khadija takan fito da hantsi daga wurin bandar kifi, ta tsaya bakin ruwa, ta ɗora hannu a goshi: “Sanda-a-a! Ɗan nema, dawo haka nan!” Sai tari ya sarƙe ta, irin na wadda hayaƙi ya ci wa ƙirji. To, har tarin tsuntsayen suka ɗauka. Sau da yawa Sanda zai iyo gida yana haki, ya tarar Inna ba ta ma san an yi ba. Sai ta dube shi ta ce, “Yau kuma aku ne ya fi ni iko da kai?”

Wannan abin dariya ne muddin mai muryar na raye. Amma mutum kan mutu, a yi sadakar arba'in, a raba gado, muryarsa kuwa tana nan a kan giginya tana kiran 'ya'yansa cin tuwo. Don haka dokar nan da kowa ya ji a bakin kakarsa, cewa ba a amsa kiran da ba a ga mai yinsa ba, a Tungan Ƙwarya ba tatsuniya ba ce. In masunci na wucewa ya ji muryar mamaci, sai ya buga filafili a jikin jirgi, ya sunkuyar da kai ya wuce. Wataƙila aku ne. Wataƙila kuma wani ne ya ari bakin aku, kuma ba mai son ya gano bambancin da ransa.

Sanda bai wuce shekara goma ba lokacin da ya ga abin da ya hana shi sakewa har tsufa. Wata safiya suna zaune a tsakar gida ana cin ɗumame, sai wansa Kamalu, saurayi ƙaƙƙarfa wanda ba kifin da ke fin ƙarfinsa, ya ɗaga kai ya ce, “Na'am!” Ba wanda ya ji an yi kira. Inna ta dafe ƙirji.

“Wa ka amsa wa?”

“Na ji kamar Baba ne daga bakin ruwa.”

Babansu kuwa ya tafi cin kasuwa tun jiya. Kamalu ya yi dariya ya ci gaba da cin abincinsa. Ba a rufa mako ba aka tsinci jirginsa a kife, a ruwan da ko yaro ba ya tsoro. Ranar da aka binne shi, Nana Khadija ta kama kunnen Sanda ta murɗe har ya yi ƙara, idanunta jajur, ta ce, “Ko muryata ka ji, in ba ka ga fuskata ba, kada ka amsa. Ka ji ni? Ko muryata!”

Yana tasowa tsuntsayen na raguwa. Baƙi suka fara zuwa da danƙo da buhuna, suna fakon lokacin da maza suka tafi su mai nisa. Masu neman azara suka bi giginyoyin da gatari. Lokacin da Inna ta rasu, Sanda na da aure, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Damina ɗaya ya ƙara jin muryarta daga gungu, ya buga filafili yana hawaye ya wuce, daga nan shiru. Kifi ma ya ja baya. Sai ya naɗe tabarmarsa ya kamo hanyar Minna da matarsa. Ya yi dako a tasha har bayansa ya ce ya isa, sannan ya gano hannun da ya iya ƙulla koma ba zai gaza saƙar kujera ba. Matar ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Farida, wadda yanzu take koyarwa a wata makarantar firamare, suna zaune tare a ɗaki biyu na haya. A 'yan shekarun nan aka datse kogin don wutar lantarki, ruwa ya hau ya shanye gungun, mutanen tunga suka koma tudu. Labari ya ji, bai je gani ba.

Abu ɗaya ke sa wannan mutum mai shiru-shiru ya zama sarkin surutu, shi ne a taɓo zancen tsuntsu. Nan zai ajiye igiya ya fara: kore shar, farin kai, baƙin zobe. Masu sayar da tsuntsaye a kasuwa suka ce sun shekara suna sana'ar, ba su taɓa ganin irinsa ba. Farida ta zauna da shi ta buɗe waya, ta nuna masa kowane aku da ke duniya, har na ƙasashen da ba ta iya faɗar sunansu ba, yana girgiza kai. Ta ce to ko gashi ɗaya ya ajiye? Ina fa, wa zai tsinci gashin abin masu ruwa ya sa a aljihu? Da wasu tsofaffi biyu na tunga suka zo Minna ganin likita, ya yi murna ya samu shaidu. Ɗaya ya ce kan ja ne. Ɗayan ya rantse rawaya ne, kuma wai girmansa ya kai zakara. Amininsa Garuba, mai injin niƙa a bakin layin, ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar yake ce masa, “Basarke, ina labarin akun nan naka da Allah bai riga ya halitta ba?” Abin na yi wa Sanda ciwo, ba kaɗan ba, amma ba shi da abin nunawa sai bakinsa.

Farkon daminar bara, wani hantsi, an yi ruwa an ɗauke, yana zaune yana jan jar igiya a bayan wata kujera, sai ya ji daga bayan katangar da yake jingina da ita:

“Sanda-a-a! Ɗan nema, dawo haka nan!”

Sai tari.

Abin da ya fi ba shi tsoro ba kiran ba ne, bakinsa ne, don kafin ya yi tunani bakin ya riga ya buɗe, amsar ta taho har kan harshe. Ya datse ta da haƙori har ya ji gishirin jini. Ya zauna ƙiƙam, igiya a hannu, gumi na bin bayansa. Rabon da wani ya kira shi da wannan suna tun rasuwar matarsa. A layin nan kaf, in ka cire Farida da Garuba, ba wanda ya san shi. Kuma wannan ba muryar da ta yi kama da ta Inna ba ce, ita ce, da jan da take yi wa ƙarshen sunan, da ɗan dishin da ke maƙogwaronta.

Kada wani ya ce bai tuna da aku ba. Shi ne farkon abin da ya faɗo masa. Amma ya juya zancen ta kowace fuska bai zauna ba. Tsuntsayen sun ƙare tun Farida ba ta zo duniya ba. Gungun na ƙarƙashin ruwa. Ba su taɓa ƙetare kogi ba balle su zo Minna, kuma duk tungar ba mai ƙarfin halin da zai sa ɗaya a keji. In ba aku ba ne kuwa, saura abu ɗaya, kuma Inna da bakinta ta gaya masa yadda zai zo.

Ya lallaɓa wurin Garuba, ya tambaye shi ko ya ji ana kira. Tambayar banza! Mutumin da inji ya cinye wa kunne, wanda sai an yi masa ihu yake gane dawa ake so a niƙa ko masara.

“Kira? Wa ya kira? Waya?” in ji Garuba yana lalube a aljihu.

Ya tambayi mai suyar awara da ke tsallake. Ta ce, “Haba Baba, a Kpakungu wa ke lura da kira? Tun asuba ana kiran wani.” Sai ya ɗauka ita ma ba ta ji ba, shi kaɗai ake nufi, kamar yadda Kamalu kaɗai ya ji nasa.

Washegari da hantsi aka sake. Jibi ma haka. Wani lokaci sau ɗaya, wani lokaci a jera har rana ta take, kuma tsakanin kira da kira akwai wani shiru da ya fi kiran muni, shiru irin na mai jiran amsa. Sanda ya tura auduga a kunne, muryar ta ratsa. Ya kwashe kujerunsa ya koma bakin titi, cikin rana da hayaƙin babura, amma ko can sai ya kama kansa yana kasa kunne, ga ruwan sama ba ya barin igiya ta bushe, dole ya dawo inuwar katanga. Ya je wurin wani malami, aka ba shi rubutu ya sha, aka ce ya yi sadakar farin abu. Ya yi. Kira bai fasa ba. Ya daina amsa sallamar duk wanda ya zo ta bayansa, sai ya juya ya ga fuska tukuna, har mutane suka fara cewa Baba Mai Kujera ya fara girman kai.

Farida ta ga uban nata na zubewa. Tuwo yake juyawa ya ture, wandonsa ya fara faɗuwa. Ta kai shi asibiti, aka ce jininsa ya hau, aka ba shi ƙwayoyi. A hanyar dawowa ta tsare shi har ya faɗa mata. Ita ba ta taɓa ji ba, don kafin hantsi tana makaranta, ranar hutu kuma tana Islamiyya.

“Baba, wannan ai mai sauƙi ne,” in ji ta. “Gidan haya ne a bayan katangar, ƙofarsa na ɗaya layin. Bari in zagaya in duba. Ƙila wata tsohuwa ce ke kiran jikanta.”

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya riƙe hannunta da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba.

“Ke kaɗai gare ni. Abin da ya zo ɗaukar mutum, in bai same shi ba, ba ya komawa hannu banza. In kika taka gidan nan, Farida, ban yafe ba.”

Bai taɓa gaya mata irin wannan kalma ba tun da ya haife ta. Ta yi kuka, ta yi alkawari, ta kuma cika. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma Sanda ba kansa kaɗai ya gudar ba, har da mutum ɗaya da ta isa ta leƙa ta dawo masa da labari.

Da damina ta yi tsakiya, muryar ta fara canzawa. Ta rage ƙarfi. Jan sunan ya gajarce, tarin ya fi maganar yawa. Wani zai ce ai sauƙi ne ya fara samuwa, amma Sanda shi ya yi jinyar Inna, ya san wannan muryar ma: haka ta koma a makonninta na ƙarshe, lokacin da take kiransa daga kan tabarma ya ɗaga ta ta sha ruwa. Yana zaune yana jin uwarsa na sake mutuwa a bayan bulo, taku kaɗan daga ƙeyarsa, shi kuwa ya cusa gefen rigarsa a baki don kada tausayi ya ci amanarsa. Wata rana sunan kawai aka faɗa, a hankali, ba ɗan nema, ba dawo. Ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi kuka irin na yara.

A ransa ya gama yanke hukunci: ranar da ta gaji da kira, da kanta za ta zo. Ya bi layin gida-gida yana neman gafara, mutanen da bai taɓa ɓata wa ba suna kallonsa da mamaki. Ya nuna wa Farida inda ya ajiye likkafaninsa. Ya ƙarasa duk kujerun da ke hannunsa, ya ƙi karɓar sababbi.

Sai aka wayi gari ba kira. Hantsi ya yi, rana ta take, shiru. Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya zauna yana jan carbi yana kallon bakin layi, duk inuwar da ta gifta sai gabansa ya faɗi. Ba wanda ya zo sai mai kwasar shara. Haka gobe, haka jibi. Sannu a hankali tuwo ya fara shiga. Ya karɓi kujera ɗaya, ya karɓi biyu. Garuba ya ce, “Basarke, an fasa tafiyar ke nan? To a dawo mana da gafarar da muka yi.” Sanda ya yi dariya, karo na farko a daminar. Ya sa aka soya waina aka raba sadaka. Har wani ɗan alfahari ya shige shi, yana gaya wa Farida cewa maganar iyaye ba ta faɗuwa ƙasa: an zo, an kira, bai amsa ba, an koma.

Ruwa ya ja baya, an fara yankan gero, sai ga wata matashiya da goyo ta yi sallama, riƙe da wani abu a ƙunshe cikin tsohon zane. Sharifa sunanta, Banufiya ce, mijinta Zakiyyu na tuƙa Keke. Ta durƙusa ta gaishe shi.

“Baba, sannu da aiki. An ce kai ne yana gyara kaya. Ƙofan wannan ya karye, ina so na sa 'yan tsaki.”

Ta yaye zanen. Keji ne na tukurwa, ya yi baƙi don tsufa. Sanda ya ɗauka ya juya, yatsunsa suka gane shi kafin idonsa. Ba saƙar keji ba ce, saƙar gura ce, tarkon kifin da suke kafawa a tunga, kuma kowane ƙulli hagu ya karkata. Bahago ɗaya ya sani mai irin wannan hannu: Ndaliman, abokin ninƙayarsa, wanda rabonsu da haɗuwa tun barin Sanda ƙauye.

“Wa ya saƙa wannan?”

“Baban maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Ya rasu kafin damina. Mutumin Tungan Ƙwarya ne.”

“Ndaliman?”

Ta ɗago da mamaki. “Shi ne. Ka san shi?”

“A ina kuke zaune?”

Ta nuna katangar da hannu. “Nan baya. Farkon ruwa muka tare.”

Sanda ya ajiye kejin a kan cinyarsa. Ya tambaye ta me ke ciki a da.

“Wani aku ne, Baba, tsoho tukuf, ya mutu kwanakin baya. Maigidana ya ce tun yana yaro yana ɗakin babansu, a ɓoye, ba a nuna wa mutane. Wai masu kamawa ne suka bar shi cikin danƙo, fiffike ya karye, baba ya tausaya ya ɗauka. Da ya rasu ba mai karɓa, sai muka taho da shi.” Ta gyara goyonta, ta rage murya. “Amma wallahi abin tsoro ne. Magana ɗaya ya sani. Kullum da safe yana kiran wani Sanda, yana tari. Maigidana ya ce muryan wani mata ne da ya mutu tuntuni.”

“Me ya kashe akun?”

“Ya ƙi abinci. Gyaɗa, gero, gwanda, duk ya ƙi. Wai da can, in ya yi kira, sai baba ya ce, ‘Na'am, Inna, ga ni nan tafe.’ To sai ya sauko ya ci. In ba a amsa ba, ba ya ci, sai ɗan abin da yunwa ya tilasta.”

“Ku ba ku amsa ba?”

Ta zaro ido ta dafe ƙirji. “Mu? Haba Baba! Wa zai amsa kiran wanda ya mutu? Ni da ƙaramin yaro? Na hana kowa a gidan. Sai muka kai shi can bayan banɗaki, jikin katanga, muka rufe da zane.”

Injin Garuba ya tashi a bakin layi, ya yi ƙara ya mutu. Sanda ya tambaye ta launin akun. Kan fari ne? Akwai zobe a wuya? Sharifa ta yi ɗan tunani ta girgiza kai. Ta ce tun ranar da suka zo ya fara fizge gashinsa da baki, kafin ya mutu ya koma kamar kazar da aka fige, ita kuwa dama ba ta son kallonsa. Gashin, kullum ta share sai ta ƙona, don kada yaro ya ɗauka. Gawar kuma Zakiyyu ya jefa a babbar kwata, ranar aka yi ruwa mai yawa.

Ya sa yatsa cikin kejin ya bi kowane lungu. Ta wanke shi tas, mace ce mai tsabta.

“In ya yi kiran,” in ji Sanda, “yakan jira?”

“Yana jira mana. Sai ya karkata kai haka, ya yi shiru, yana kallon katanga. In bai ji komai ba ya sake. Har ya ba ni tausayi daga baya.” Ta dube shi, ta ga yadda fuskarsa ta koma, ta ɗan ja da baya. “Baba, lafiya? Ko ka san Sandan ne?”

Ya rungume kejin a ƙirjinsa, ya jingina kansa da bulon.

“Ni ne,” ya ce. “Nan nake zaune. Duk ina ji.”